DARASI: KULA DA HANNU A GIDA BAYAN TIYATA

A Lolo da ƙauyukanmu na bakin kogin Neja, hannu shi ne jarinmu. Da shi ake yankan shinkafa, da shi ake jan taru. Shi ya sa lauje, adda da injin niƙa sukan kai mutanenmu har asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi, wasu ma sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Likita yakan gama nasa aiki a rana ɗaya. Sauran a gida ake yi.

A kwanakin farko, hannun ya kasance sama da ƙirji, dare da rana. In za a kwanta, a ɗora shi bisa matashin kai biyu. Hannun da ke reto ƙasa kumbura yake yi, kumburi kuwa shi ke kawo zogi da sandarewar yatsu. Kada bandeji ya jiƙe. Wajen wanka a rufe shi da leda, a ɗaga. Zaren ɗinki akan cire shi bayan kwana 10 zuwa 14, a asibiti, ba da reza a gida ba.

Ga inda muka fi yin kuskure. Idan jijiyar da ke lanƙwasa yatsa ce ta tsinke aka ɗinke, fata takan rufe cikin sati biyu, amma jijiyar da ke ciki ba ta warke ba tukuna. Abin da aka tallafe hannun da shi yakan zauna wajen sati 6, ƙarfin ɗaukar kaya kuwa sai kusan sati 12. Na ga saurayin da ya koma fadama a sati na uku don shinkafarsa ta nuna. Damin farko da ya ɗaga, ɗinkin ciki ya tsinke. Aka sake tiyata, kuɗin mota ya ninku, yatsan kuma har yau bai lanƙwasa sosai ba. Ban ga laifinsa ƙwarai ba, domin ba wanda ya tsaya masa a gona.

Wannan ba ya nufin a bar jiki ba motsi. Kafaɗa, gwiwar hannu da yatsun da ba a ɗaure ba suna bukatar motsi kowace rana. Wanda aka ɗinke kuwa, motsin da likita ya nuna kaɗai za a yi. Kada a kai wa mai ɗori ya ja ko ya murza.

Kada a sa toka, kashin shanu ko baƙin mai a miki. Ta nan ciwon sarƙe-haƙora yake shiga, don haka a tambaya ko an yi allurar rigakafinsa. A shanye maganin da aka rubuta. Babban mutum kada ya wuce ƙwaya 8 na farasitamol a yini. A ci kifi, wake, ƙwai da gyaɗa. Mai shan taba ya daina, gama tana jinkirta warkewa.

In yatsu sun yi sanyi, sun canza launi ko sun mutu ba a jin taɓawa, ko zogi yana ƙaruwa, ko an ga mugunya da wari da zazzaɓi, a kama hanyar asibiti a ranar, kada a jira ranar kasuwa.

Tambaya domin tattaunawa bayan sujada: idan mai ciwon uwar gida ce, su wa a cikin Zumuntar Mata za su karɓi daka da ɗiban ruwa na wata uku? In magidanci ne, wace rana matasa za su yi masa gayya? A rubuta sunaye da ranaku a ba sakataren ikilisiya.