Dashen Haƙori: Me Ya Sa Siffar Sukuru Da Tiredinsa Suke Da Muhimmanci?

Matashin Dagumawa da ya rasa haƙori a hatsarin babur kan hanyar Wudil zai iya jin labarin dashen haƙori idan ya je sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Abin da ake dasawa ɗan sukuru ne na ƙarfen taitaniyam, a ɗaure shi cikin ƙashin muƙamuƙi, daga baya a ɗora masa kan haƙori. Likitan Suwidin Per-Ingvar Brånemark ne ya gano ƙashi na manne wa wannan ƙarfe, kuma ya fara dasa wa mutum a 1965.

Mannewar tana ɗaukar watanni. Kafin nan, abin da ke riƙe da sukurun shi ne kamun da ya yi ranar farko. Idan yana girgiɗi, ƙashi ba zai kama shi ba, sai tsoka ta kewaye shi, kuɗi su tafi a banza.

Siffa iri biyu ce. Mai tsinin ƙasa kamar karas yana matse ƙashi yayin shiga, don haka ya fi kamu a ƙashi mai laushi, irin na bayan muƙamuƙin sama. Mai kauri ɗaya daga sama har ƙasa ya fi dacewa da ƙashi mai tauri na muƙamuƙin ƙasa, inda matsi mai yawa ke iya lalata ƙashin.

Sai tiredi, wato zanen da ya kewaye sukurun. Kafinta ya san katako mai laushi sai sukuru mai zurfin tiredi. Haka ƙashi yake. Tiredi mai zurfi da kaifi yana cizon ƙashi mai laushi, mai matsattsun layuka kuma yana ƙara faɗin wurin haɗuwa da ƙashi.

Likita yana auna kamun ta ƙarfin da ɗaurin ya ci, ko da na'ura irin Osstell, mai girgiza sukurun ta ba da lamba daga 1 zuwa 100. Lamba 70 zuwa sama alama ce ta kamu mai kyau.

Don haka kafin a biya kuɗi, tambaya biyu ta zama dole ga likita: yaya taurin ƙashina yake, kuma wane irin sukuru ne ya dace da shi?