Yadda Za Ka Yanke Shawarar Riƙe Motarka Mai Ƙarfin Gudu ko Sauya Ta

Tunanin rabuwa da mota mai ƙarfin gudu yawanci a gareji yake zo wa mutum, lokacin da bakanike ya goge hannunsa da tsumma ya faɗi kuɗin gyara. Kafin ka isa gida ka riga ka kira dillali. Na ga waɗanda suka sayar da lafiyayyar mota a irin wannan rana suka dawo suna cizon yatsa, na kuma ga waɗanda suka ƙi sakin motar da ta riga ta fi ƙarfinsu, har abin ya kai ga taɓa kuɗin cefane. Dukansu sun ba ni tausayi, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Mota guda zan ɗauka in yi misali da ita: Mercedes C63 AMG ƙirar W204, wadda aka ƙera daga 2008 zuwa wajen 2014, wadda kuma duk mai bin titunan Abuja da Kano da Kaduna ya san ƙararta tun kafin ya hango ta. Injinta shi ne M156, silinda takwas, lita 6.2, ƙarfin doki 457, babu turbo. A garin Affalterbach na Jamus ake haɗa shi da hannu, mutum ɗaya ga inji ɗaya, ya kuma sa hannu a wani ɗan allo da ke saman injin. Lambar 6.3 da ke gefen motar kuwa don tunawa ce da tsohuwar 300 SEL 6.3 ta shekarar 1968. In taka BMW M3 ce ko Mustang ko Porsche, matakan duk ɗaya ne, cututtukan ne kawai suka bambanta.

Da farko, ka ba kanka mako biyu

Kada ka yi ciniki a makon da aka karɓe maka kuɗi mai yawa a gareji, kada kuma ka yi shi a makon da abokinka ya zo maka da sabuwar mota. Ajiye maganar dillali tukuna, ka nemo littafi da biro.

Na biyu, rubuta abin da ta ci a wata goma sha biyu

Yawancinmu ba mu san ainihin abin da mota take ci ba, muna dai jin nauyin a aljihu. Fara da mai. Kamfanin da kansa ya ce wannan mota tana shan sama da lita 13 a kilomita 100, a cunkoson cikin gari kuwa takan kai lita 20. In kana yin kilomita 1,000 a wata a cikin gari, lita 200 ke nan, wato tankinta mai cin lita 66 za ka cika sau uku. Ninka wannan da farashin da ka sayi mai jiya, kada ka yi da farashin da kake tunawa. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, a ƙarshen 2024 kuwa ta haura 1,000. Wanda ya sayi motar a 2021 ya yi lissafinsa ne a wani zamani daban.

Sai baƙin mai. Injin yana ɗaukar kusan lita tara, kuma mai ingancin da kamfanin ya gindaya yake so, mai lambar 229.5 a jikin galan. Sai tayoyi, musamman na baya, waɗanda ba sa daɗewa a irin wannan mota ko da kai mai tuƙin natsuwa ne. Sai kayan birki, fulogi, batir, inshora da sabunta takardu. Akwai kuma abin da ake mantawa: an ƙera injin ne don fetur mai lamba 98 a ma'aunin Turai, wanda muke samu a gidajen mai kuwa bai kai haka ba. In kana sayen maganin da ake zubawa a tanki don ƙara wa man ƙarfi, shi ma sa shi a lissafi.

Kusan dukan kayan gyaranta daga waje suke zuwa, da dala ake sayo su. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta wuce 1,500 a 2024. Don haka in rasit ɗin da ke hannunka tsoho ne, kira mai kaya a Ƙofar Ruwa ko Apo ko Ladipo ka ji farashin yau.

Haɗa jimillar, ka raba gida goma sha biyu. Wannan adadin shi ne albashin da kake biyan motar kowane wata. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, babu mai sayen C63 don tsimi. Abin da kake son sani shi ne ko zubar ta fi ƙarfin tulun.

Na uku, a duba lafiyarta sosai, ka kuma biya kuɗin dubawar

Nan ne ainihin aikin yake, kuma nan ne aka fi yin kasala. Nemi bakaniken da ya taɓa buɗe irin wannan inji da hannunsa. Tambaye shi kai tsaye: "Maigida, ka taɓa sauke kan M156?" In ya fara kewaye-kewaye, yi masa godiya ka wuce. Gaya masa tun farko cewa dubawa kawai kake so, za ka biya ladan dubawa, ba lallai ne shi zai yi gyaran ba. Wannan yana rage masa sha'awar ƙirƙiro cuta.

Abu na farko da za ku duba shi ne lambar injin. Injinan farko, waɗanda lambarsu ba ta wuce 060658 ba, an ɗaure kawunansu da notina masu rauni. Tsatsa takan ci su, kan notin ya ɓalle, ruwan lagireto ya sami hanyar shiga silinda. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, saboda haka in fistin ya taso ya tarar da shi, ƙarfen da ke riƙe da fistin ne zai lanƙwashe, inji ya tafi. Daga wajen 2011 kamfanin ya canza notinan. In lambarka ta faɗa cikin na farko, bincika ko an taɓa sauya su, guda 20 ne, goma a kowane gefe. Alamomin da ke nuna abin ya fara su ne ruwan lagireto yana raguwa ba tare da ka ga inda yake zuba ba, farin hayaƙi a salansa, inji yana rawa da safe, ko baƙin mai ya koma kalar shayi mai madara. In ka ga ɗaya daga cikinsu, kashe motar, a ɗauke ta a kai gareji. Kada ka ce bari in lallaɓa in ƙarasa.

Na biyu, a buɗe murfin saman injin a duba kamshaf da tafet. A wannan inji sukan cinye juna, musamman in ana jinkirin canza baƙin mai ko ana zuba mai araha. Saurari motar da sassafe kafin ta yi zafi: ƙarar ƙas-ƙas ta ɗan daƙiƙa ɗaya ko biyu daban take da wadda ta ƙi ɗaukewa. A yi gwajin matsin kowace silinda, a rubuta maka lambobin takwas ɗin a takarda. A sa mata kwamfuta a karanta duk abin da ta ajiye, injin da giya da birki, kuma kada a goge komai sai ka ɗauki hotonsa da wayarka.

Daga nan a ɗaga ta sama ka shiga ƙarƙashinta da tocila, gani ya kori ji. Motar a ƙasa take sosai, ramukan titi da tudun rage gudu ba sa raga mata. Duba yoyon mai, shakazoba, robobin ƙafa, da ko ƙarfen taya ya lotsa ko an taɓa yi masa walda. Mafi muhimmanci, duba shasi. In akwai alamar an taɓa miƙe shi bayan haɗari, ko tsatsa ta ci shi, to a wurina magana ta ƙare. Ana iya canza inji, ana iya canza giya, amma motar da take kai kilomita 100 a cikin daƙiƙa huɗu da rabi ba a ɗora ta a kan ƙashin da ya taɓa karyewa.

Kafin a sauke ta, karanta shekarun tayoyin. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu: 2319, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2019. In ka tarar kana yawo a kan tsofaffin tayoyin gwanjo saboda sababbi sun yi tsada, to motar ta riga ta ba ka amsa. Ina faɗin wannan da dukan zuciyata, domin wanda tayar za ta fashe da shi ba shi kaɗai ne a kan titi ba.

Na huɗu, raba gyaran gida biyu

Akwai gyaran da ake yi sau ɗaya a huta, kamar sauya notinan kan inji. Akwai kuma wanda yake dawowa duk shekara. Na farkon yana da zafi a ranar biya, amma bayansa motar ta fi da daraja, kuma in kana da rasit, mai saye na gaba zai biya ka wani abu a kai. Na biyun shi ne mai kashe mutum a hankali: yau wutar gargaɗi, gobe giya tana fizga, jibi zafi, kuma babu wanda ya gano tushen. Motar da aka yi ta yanka wayoyinta ana ɗaurewa da salatif, ko wadda ruwa ya taɓa shiga, irin wannan ciwon take yi.

Ma'aunin da nake amfani da shi, nawa ne na kaina, shi ne: in gyaran sau ɗaya bai wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da motar za ta yi a kasuwa ba, shasi kuma lafiya lau, gyara ya fi sauyi. Kuɗin da ka riga ka kashe a baya kuwa, cire shi daga lissafi gaba ɗaya. "Ai na zuba mata miliyoyi" ba dalilin riƙewa ba ne. Waɗancan kuɗin sun tafi ko ka sayar ko ka riƙe.

Na biyar, dubi abin da za ka sa a gurbinta

Mutane kan kwatanta tsohuwar motarsu da wata sabuwa fil da ke cikin zuciyarsu, alhali abin da kuɗinsu zai saya wata tsohuwar ce da ba su san tarihinta ba. Da yawa daga cikin motocin da ake shigowa da su daga Amurka a wajen gwanjon motocin haɗari da na ambaliya aka sayo su, aka yi musu bodi da fenti. Karɓi lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, ka bincika ta a intanet, a Carfax ko makamancinsa, sau da yawa har hotunan motar kafin gyara za ka gani. Tabbatar kuma takardun kwastan na gaskiya ne. Araha ba ta ado.

Wadda ta gaji W204 ita ce W205, daga 2015, mai injin lita 4.0 da turbo biyu, ƙarfin doki 476, ko 510 a ƙirar S. Ta fi gudu, ta fi tsimin mai, amma turbo ƙarin zafi ne da ƙarin abin lalacewa, kuma ya fi jin jiki da man da bai kai ba. Ta bayanta, W206, silinda huɗu ce mai lita 2.0 haɗe da batir, ƙarfin doki 680, nauyinta ya haura tan biyu. Masu sha'awar mota da yawa ba su karɓe ta ba, kuma kafin ka yi mafarkinta tambayi kanka wa zai gyara maka batirinta a garinku. Tunda an daina ƙera M156, motocin W204 masu tsafta irin su ƙirar Edition 507 da Black Series suna da daraja a kasuwannin waje. Amma kada wannan ya ruɗe ka. Motar da ta sha rana da ramuka ba kadara ba ce kamar fili, ka riƙe ta ne don kana jin daɗinta.

A kan farashin sabuwar ƙara la'adar dillali, canjin takardu, da gyaran farko da duk motar hannu take nema. Sannan ka cire abin da za a ba ka a taka, wanda kusan kullum bai kai yadda kake zato ba.

Na shida, tambayi rayuwarka

Sau nawa ka tuƙa ta a watan jiya? Kana da wata motar ta zirga-zirgar yau da kullum? Iyali sun ƙaru? In har kana jin faɗuwar gaba duk lokacin da ka murɗa makulli, daɗin ya riga ya fita. In kuma uwargida tana da magana a kan abin da motar take ci, saurare ta da kyau, ita ta san inda gibin yake fitowa.

Sannan ka yanke, ka kuma aikata

In riƙewa ce, fara da abin da ke tsare rai: tayoyi da birki, sai notinan inji, sai kamshaf. Fenti da fitilun ƙawa su jira. Buɗe wani asusu daban ka riƙa zuba wannan albashin nata na wata-wata, har ya kai kuɗin gyara mafi girma da bakanike ya ambata. Rage tazarar canza baƙin mai ƙasa da abin da littafin motar ya ce, saboda zafi da ƙurar hunturu, ka kuma bar injin ya ɗumama kafin ka taka shi.

In sayarwa ce, yi ta tun motar tana tafiya da ƙafarta. Wanke ta, tara rasit ɗinka duka a fayil guda, ka haɗa da takardar gwajin silinda da hotunan kwamfuta. Faɗa wa mai saye aibinta kamar yadda bakanike ya faɗa maka, har da maganar notinan in ba a sauya su ba. Addini ya hana ɓoye aibin kaya, kuma mai saye da ya san abin da yake saya ba ya dawowa da rigima. A rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, ka riƙe kwafin takardun, kada ka miƙa makulli sai kuɗin sun shiga asusunka ka gan su da idonka, kuma ka bi sawu har a canza sunan mai mota a ofishin lasisi.