Dangin Agugu: Tsire-tsiren Da Ba Su Yin Fure

Ran nan a ajin sanin halitta malaminmu ya tambaye mu, ya ce, “Wane ne a cikinku ya taɓa ganin tsiron da ba ya fure, ba ya 'ya'ya, amma kuwa yana yaɗuwa?” Duk muka yi tsit. Yawancinmu 'ya'yan manoma ne daga ƙasar Bici da Ɗambatta da Minjibir da Dawakin Tofa, muna tsammani ba wata ciyawa da za ta ɓace mana. Ashe akwai. Abin da muka koya shi ne muka tara a nan, don 'yan'uwanmu na sauran azuzuwa.

Su waɗannan tsire-tsire jinsinsu ya fi 10,000 a duniya. Guda daga cikinsu ya daɗe a kasuwanninmu wajen masu sai da magani, watau agugu, saiwar nan da a kan sha don kashe tsila. Likita Dalziel ya ambace shi cikin littafinsa na sunayen itatuwa da Hausa, na shekarar 1916, ya ce ba a ƙasar Hausa ya ke fitowa ba, yawanci daga Adamawa a ke kawo shi. Don haka muka sa wa dukansu suna dangin agugu. Amma fa a kula, agugu yana da dafi, in ya yi yawa ya kan taɓa ido har ya makantar. Mai tsila ya tafi asibiti, can akwai maganin da ya fi shi lafiya.

To, yaya su ke haihuwa? In ka juya ganyen da ya ƙosa, za ka ga ɗigo-ɗigo ko zane-zane masu ruwan ƙasa a bayansa. Waɗannan 'yan jakunkuna ne cike da wata ƙura mai laushi ƙwarai. In sun bushe sai su fashe, iska ta kwashe ƙurar ta kai ta ko'ina. Wadda ta faɗa busasshen wuri ba ta yin kome. Wadda ta dace da laima da inuwa kuwa sai ta tsiro, amma ba irin uwarta ta ke fara zama ba. Wani ɗan faifai kore ta kan zama, mai siffar zuciya, wanda bai fi farcen ɗan yatsa ba. A ƙarƙashinsa akwai ɓangaren namiji da na mace. Ƙwayar namijin iyo ta ke yi cikin ɗan ruwan da ya kwanta a wurin, har ta tarad da ta macen. Sa'an nan ne sabon tsiro ke fitowa, da ganyensa a naɗe kamar gammo, yana warwarewa a hankali.

Mutane sun daɗe ba su gane wannan ba. A 1794 aka buga labarin wani likita, John Lindsay, da ya shuka ƙurar nan a tsibirin Jamaika ya ga ta tsiro. A 1851 kuma wani Bajamushe, Hofmeister, ya bayyana zagayen rayuwar tasu daki-daki. Abin riƙewa guda ne: in babu ruwan da ƙwayar namiji za ta yi iyo a ciki, babu haihuwa.

Wannan shi ya sa su ke son bakin kogo, tun ba na dutsen farar ƙasa ba. Ruwan sama yana da ɗan tsami kaɗan, wanda harshe ba ya ji. In ya bi tsaguwar irin wannan dutse sai ya riƙa cinsa sannu sannu, shekara dubbai, har rami ya zama kogo. In kana shakka, matsa lemun tsami a kan gutsuren dutsen, za ka ga yana kumfa. A bakin kogo rana ba ta duka, iska ba ta busarwa, ruwa yana ɗiga dare da rana. Can ciki kuwa, inda duhu ya ke, ba su fita, gama kowane koren tsiro sai da haske ya ke samun abinci. Watau mazauninsu 'yar tazara ce tsakanin hasken waje da duhun ciki.

A Amurka akwai wani mai suna harshen barewa, don ganyensa dogo ne sumul kamar harshe. Wani mai binciken itatuwa, Pursh, ya gan shi a jihar New York a 1807. A kudu, cikin jihohin Alabama da Tennessee, ba a same shi ba sai cikin ramukan dutsen farar ƙasa masu sanyi, 'yan ƙalilan. A 1989 gwamnatin ƙasar ta sa shi cikin jerin tsire-tsiren da a ke tsoron ƙarewarsu. A Ingila ma, zamanin Sarauniya Biktoriya, mutane sun ɗauki yayin tara dangin agugu a gidajensu, suka yi ta tumɓukewa har waɗansu iri suka kusa ɓacewa daga wuraren da a ka san su.

Mu a arewacin Kano ba mu da irin wannan kogo. Ƙasarmu jigawa ce, a ƙarƙashinta kuma dutse ne mai tauri wanda ruwa ba ya narkarwa da sauƙi. Mai son ganin dutsen farar ƙasa sai ya tafi Kalambaina kusa da Sakkwato, inda a ke haƙarsa don yin siminti, ko Malbaza a ƙasar Nijar. Har bawon dabbobin teku a kan tsinta a cikinsa, shaidar da can ruwan teku ya taɓa rufe wurin. Bayan wannan, damunarmu ba ta fi wata 4 ko 5 ba, sauran duk rani ne. Ga shi kuma jama'a ta yi yawa, gona tana jingine da gona, gero da dawa da gyaɗa da wake, ba a barin saura, sai taki a ke zubawa kowace shekara. Itacen da ya tsira a gona sai mai amfani, kamar gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya. Ina abin da ke son inuwa da laima zai sami masauki?

Amma Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wurare 3 ya kamata mu duba.

Na fari, kududdufai da fadamu, irin na kogin Watari da Tomas da Jakara. Nan a kan sami wani mai 'yan ganyaye 4 a kan kara guda, kamar na gyaɗa, yana kwance bisa ruwa. Masana suna kiransa Marsiliya. In ruwa ya janye sai ya yi 'yan ƙulle-ƙulle masu tauri kamar ƙananan wake, ƙurar tana ciki. Suna iya shekaru da yawa cikin busasshen laka, ran da ruwa ya dawo su buɗe.

Na biyu, tsaguwar duwatsu, irin na wajen Kazaure. A ƙasashe masu fari, tun daga Afirka har Arabiya da Indiya, akwai wani ɗan ƙarami mai ganye kamar na goriba, tsawonsa bai kai taƙi ba. Da rani ya kan ƙanƙance ya yi fari-fari, ka ce ya mutu. Ruwan fari na sauka sai ya miƙe kore shar.

Na uku, bangon tsohuwar rijiya, gama rijiya ita ce kogonmu. Larabawa sun san wannan tun da daɗewa, har akwai wani mai siririn baƙin kara kamar gashi da su ke kira kuzbaratul bi'ri, don ganyensa ya yi kama da na wani kayan miya nasu, kuma a rijiya su kan gan shi. A kogunan dutsen farar ƙasa ma yana fita.

To, mene ne ruwanmu da abin da ba a ci, ba a sayarwa? Na ɗaya, shaida ne. Inda ka ga dangin agugu sun zauna shekara da shekaru, wurin nan ya kan sami laima. In sun ɓace daga rijiya ko fadama, manomi ya lura, wataƙila ruwan ƙasa ya yi nisa. Dattawanmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, da yawan rijiyoyin da suka ƙafe. Na biyu, masaukinsu yana raguwa. Ana fasa duwatsu don gini, ana cike kududdufai, ana barin tsofaffin rijiyoyi a koma burtsatse. Rijiyar zamani alheri ce, ba mu ƙi ta ba. Amma abin da gidansa bai fi tabarma ba, yini guda ya isa a hallaka shi.

Ga aikin da kowa zai iya yi da yaransa ran da ya zama malami. Tsinko ganye guda tak wanda ya ƙosa, kada ka tumɓuke uwar. Kifa shi bisa farar takarda ya kwana, da safe za ka ga ƙurar ta zuba. Sami tsingaro ka zuba masa tafasasshen ruwa, in ya huce ka sa shi cikin tasa mai ɗan ruwa, ka barbaɗa ƙurar, ka rufe da gilashi, ka ajiye a inuwa. Bayan 'yan makonni za ka ga kore ya bayyana. Gani ya kori ji.

Hutun damuna yana tafe. Muna roƙon kowa ya duba garinsu, ya rubuta wurin da ya ga irinsu, da watan, ya zana ganyen ya kawo mana, mu haɗa. Amma kada wani ya leƙa rijiya shi kaɗai, ko ya sa hannu cikin tsaguwar dutse bai bincika da sanda ba, gama ba dangin agugu kaɗai ke son sanyi ba, har da maciji. Allah ya kai mu lafiya, ya ƙara mana sani mai amfani, amin.