DARASI NA 12: YAYA, INA, DA YAUSHE CIKIN TURANCI

Ya kai mai karatu, ka lura, in an ce maka Audu ya tafi, tambaya uku kan zo maka nan da nan. Sai ka ce, "Ina ya tafi? Yaushe? Da ƙafa ko bisa doki?" Kalmomin da ke amsa waɗannan tambayoyi su za mu koya cikin wannan darasi. Kada ka raina su don ƙanƙantarsu, gama da su a ke rubuta ranar biyan bashi, da lokacin tashin jirgi, da yadda za a sha magani. Wanda ya kuskure musu ya kan yi hasarar kuɗinsa, wani lokaci ma har lafiyarsa.

1. IRINSU BIYU NE

Turawa na da hanya biyu ta amsa tambayoyin nan. Ta fari ita ce kalma guda, kamar slowly, watau sannu sannu, here, nan, yesterday, jiya. Irin wannan kalma su kan kira ta adverb. Ta biyu kuwa ƙaramar kalma ce da suna na biye da ita, kamar in the market, cikin kasuwa. At night, da dare. With a hoe, da fartanya. Ƙaramar kalmar nan ita ce preposition, ma'anar sunan kuwa abin da a ke ajiyewa kafin wani.

Wanda ya karanta nahawun Larabci ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ta fari ta yi kama da zarafi da hali, ta biyu kuwa ita ce malamai ke kira jarru da majruru. Aikinsu ɗaya ne, har wani lokaci ɗaya kan zauna a mazaunin ɗaya. In ka ce carefully, ko ka ce with care, duk da kula ka ke nufi.

2. WA KE GABA, WA KE BAYA

In sun taru cikin jimla guda, ga yadda Turawa suka saba jera su: yaya tukuna, sa'an nan ina, sa'an nan yaushe.

Audu worked hard on the farm yesterday.
Audu ya yi aiki ƙwarai a gona jiya.

Amma in fi'ilin na tafiya ne, kamar go ko come, sai wurin da aka nufa ya riga sauran.

Tanko went to Kano by lorry on Monday.
Tanko ya tafi Kano a mota ran Litinin.

Kana iya kai lokaci farkon jimla in shi ka ke so a fara ji, kamar yadda mu kan ce, "Jiya Audu ya yi aiki." Da Turanci sai ka ce, Yesterday Audu worked.

In lokaci biyu suka haɗu, ƙarami ke fara zuwa: at six o'clock on Friday, da ƙarfe shida ran Jumma'a. Haka kuma wuri: at the station in Zaria, a tasha a Zariya. Ka riƙe wannan kuma: at ta ƙarfe ce, on ta rana, in ta wata da shekara, kamar in March, ko in 1948. A kan ce in the morning, da safe, amma da dare sai at night. Wannan sabo ne na masu harshen, haddacewa a ke yi.

Akwai wuri guda da ba a shiga, watau tsakanin fi'ili da abin da aikin ya faɗa wa. He speaks English well shi ne daidai. He speaks well English kuskure ne.

3. KALMA GUDA MAI GYARA SAURAN

In Bahaushe ya ce "bayan masallaci," wurin na da faɗi. In ya ce "daidai bayan masallaci," to, ya nuna maka ƙofar gidan. Haka Turawa ke yi, su kan sa adverb kafin ƙaramar kalmar don ta tsuke maganar ko ta faɗaɗa ta.

right behind the mosque: daidai bayan masallaci
just before sunset: dab da faɗuwar rana
just after noon: rana na gotawa kaɗan
long before dawn: tun da sauran dare, asuba da nisa
straight to the house: kai tsaye zuwa gidan
far from the river: nesa da kogi

Yi hankali da right. Ka riga ka koya cewa ma'anarta dama, amma a nan ba hannun dama a ke nufi ba. In an ce maka gidan na right behind the mosque, ka kuwa karkata dama, sai ka wuni kana nema.

Wadansu kuma kan zo biyu biyu kamar tagwaye: out of the house, daga cikin gida zuwa waje, away from the fire, nesa da wuta, back to the market, komawa kasuwa.

4. WADANDA BA SU SON ƊAN RAKIYA

Akwai kalmomin da ke tafiya su kaɗai. Go home a ke cewa, ba go to home ba, ko da ya ke wanda ke zaune a gida a kan ce yana at home. Haka go there, come here, he went abroad, duk ba a sa musu to. Today, tomorrow, da yesterday ba su ɗaukar on. Ranar mako kuwa da zarar ka sa mata next, ko last, ko this, ko every, sai on ta faɗi. A kan ce on Monday, amma next Monday, last Monday, every Monday.

5. INDA KUSKURE KE DA TSADA

Dubi jimlolin nan biyu:

He works hard at night.
He hardly works at night.

Haruffa biyu ne bambancinsu, amma ta fari na cewa mutumin na da ƙwazo da dare, ta biyu kuwa na cewa da kyar ya ke taɓa aiki. In ka rubuta wa ƙanenka takardar shaida yana neman aikin gadi, ka sa ta biyu, to, ka hana shi abinci da hannunka. Haka late, a makare, daban ta ke da lately, kwanan nan.

On time, daidai lokacin da aka ajiye. In time, da sauran lokaci, kafin abu ya wuce. Jirgi ke zuwa on time, kai kuwa ka yi ƙoƙari ka isa tasha in time.

Pay by Friday, watau kada Jumma'a ta wuce ba ka biya ba, in ka biya ran Talata ma babu laifi. Wait until Friday kuwa, ka dakata sai Jumma'a. Within seven days, kafin kwana 7 su cika. After seven days, bayan sun cika. Wanda ya ɗauki ɗaya a maimakon ɗaya cikin takardar bashi, mai yiwuwa ne ya tsinci kansa gaban alƙali.

Ga abin da a kan rubuta jikin kwalbar magani:

Take two tablets twice daily after meals.
Sha ƙwaya 2, sau 2 a rana, bayan cin abinci.

Ka ga twice da daily su ne adverb, after meals kuwa ƙaramar kalma ce da sunanta. Every four hours, duk bayan awa 4. For four days, har kwana 4. For external use only, na shafawa ne kaɗai, ba a sha. In wata kalma ta shige maka duhu a nan, kada kunya ta hana ka tambayar wanda ya ba ka maganin. Matambayi ba ya ɓata.

AIKI

Jera waɗannan daidai:
1. yesterday, quietly, Bala sat, in the shop
2. on Friday, he came, by train, to Zaria

Gyara waɗannan:
3. I am going to home.
4. He will come on next Sunday.
5. Musa reads well Hausa.

Mai da waɗannan da Turanci:
6. Rijiyar tana daidai bayan gidan.
7. Ka biya kafin kwana 10 su cika.

In ka gama, ka kai wa wanda ya fi ka sani ya duba maka. Sa'an nan ka nemi wata takardar Turanci, ko wasiƙa ko sanarwa, ka ja layi ƙarƙashin kowace kalma da ta amsa yaya, ko ina, ko yaushe. Ka riƙa yin haka kullum har mako guda kafin ka buɗe darasi na gaba. Allah ya ba mu fahimta, amin.