Harsashi Cikin Kambi: Darasi Kan Dacewar Al'amura

Akwai al'amuran da kan auku a tarihi su bar mai hankali riƙe da baki. Darasinmu na wannan wata zai duba ɗaya daga cikinsu, domin mu koyi yadda ya kamata Kirista ya fahimce su.

Ranar Laraba, 13 ga Mayu, 1981, da yamma, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu yana zagaya Dandalin Bitrus Mai Tsarki a Roma cikin buɗaɗɗiyar mota, yana gaisawa da jama'a. Sai wani saurayi ɗan ƙasar Turkiyya, Mehmet Ali Agca, ya harbe shi a ciki. Aka garzaya da shi asibitin Gemelli, likitoci suka shafe fiye da awa biyar suna yi masa aiki, Allah kuwa ya yi da sauran kwanansa.

Abin mamakin shi ne ranar. A 13 ga Mayu, 1917, Budurwa Maryamu ta fara bayyana ga yara uku makiyaya a Fatima, ƙasar Fotugal. Paparoma ya gaskata cewa ita ce ta karkatar da harsashin. A 1984 ya ba Bishop na Fatima harsashin, a 1989 kuma aka sa shi cikin kambin da ke kan siffar Maryamu. Tun 1942 aka ƙera kambin nan da gwala-gwalan da matan Fotugal suka bayar, amma a ƙarƙashinsa aka tarar da gurbi daidai girman harsashin.

Me za mu koya?

Na farko, godiya. Ikilisiya ba ta tilasta wa kowa ya kira wannan dacewa mu'ujiza ba. Hannun Allah ya yi aiki ta wurin likitocin ma. Abin da ke wajibi shi ne mu gane rai kyauta ce.

Na biyu, mu guji yanke wa mutane hukunci. Sau nawa mota kan kife, mu ce wanda ya tsira mutumin Allah ne, wanda ya rasu kuwa alhaki ne ya kama shi? A Luka 13:1-5 Ubangiji ya ambaci mutum goma sha takwas da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa, ya nuna sarai cewa ba su fi sauran mazaunan Urushalima laifi ba. Ya mai da zancen kira zuwa tuba. Saboda haka wanda abu mai ban mamaki ya same shi, kada ya nufi gidan boka ko mai duba neman fassara. A can ake shuka zargi, har ɗa ya kira mahaifiyarsa mayya.

Na uku, abin da mutum ya yi da ran da aka bar masa ya fi yadda ya tsira muhimmanci. Kwana huɗu bayan harbin, daga gadon asibiti, Paparoma ya sanar cewa ya gafarta wa wanda ya harbe shi. A Fabrairu 1982 ya iso Kaduna, ya keɓe sababbin firistoci. Dattawanmu da suka halarta ba su manta ba. A 27 ga Disamba, 1983, ya ziyarci Agca a kurkukun Rebibbia, suka zauna kusa da juna. Dacewar rana ba ta hannunsa, amma gafara zaɓinsa ce.

Tambayoyin tattaunawa a zumunta:

1. Wane hatsari Allah ya taɓa fisshe ka, me kuma ka yi da kwanakin da suka biyo baya?
2. Wa kake zargi kan masifar da ba ka san sanadinta ba?
3. Wane ne yake jiran gafararka?

Ubangiji ya ba mu zuciya mai godiya da yafiya. Amin.