Darasi Daga Dajin Falgore: Daga Ina Ruwan Tiga Yake Zuwa?

Darasinmu na wannan mako a kan Dajin Falgore ne, kuma a cikin mota muka fara koyonsa.

A hutun da ya wuce gwaggonmu da ke aure a Doguwa ta haihu, sai muka tafi suna mu shida: Baba da Umma da mu yara huɗu. Mun bar Bebeji bayan sallar asuba, domin Baba ya ce mai hankali ba ya ratsa dajin nan da dare. A Kwanar Ɗangora da ke ƙaramar hukumar Kiru muka bar titin Zariya muka kama hanyar Jos. A Tudun Wada muka yi kalaci da koko da ƙosai. Da muka ƙara gaba sai gonaki suka ƙare, itatuwa suka rufe hagu da dama. Baba ya ce, "To, ku buɗe ido, mun shigo Falgore."

Mene ne Dajin Falgore?

Falgore gandun daji ne na gwamnati, mai nisan kamar kilomita 150 daga birnin Kano. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,000, ya taɓa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Tun zamanin Turawa, a shekarun 1940, aka keɓe shi da sunan gandun dajin Kogin Kano. A shekarun 1960 aka mai da shi gandun namun daji. A 2020 kuma gwamnatin tarayya ta sa shi cikin dazuzzuka goma da ta amince su zama gandun daji na ƙasa.

Mun ga doka da maɗaci da ɗorawa da kaɗanya. Mun ga birai sun tsallake titi a guje, da garken zabin daji. Autarmu ta so ta jefa wa birai ragowar ƙosai, Baba ya hana. Ya ce birin da ya saba da abincin matafiya zai riƙa zama a bakin titi, wata rana mota ta take shi.

Dangantakar daji da ruwa

A hanya Baba ya tambaye mu, "Wa ya san daga ina ruwan Tiga yake zuwa?" Yayanmu ya ce daga sama. Baba ya yi dariya ya ce ya ci rabin maki. Ga sauran rabin.

Kogin Kano yana tasowa ne daga tuddan da ke kudu, ya ratsa Dajin Falgore, sannan ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Da ruwan Tiga ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, inda shinkafa da tumatir da alkama suke fitowa.

Idan aka yi ruwan sama a daji, ganye yana rage ƙarfin saukarsa, saiwoyi suna riƙe ƙasa. Ruwan sai ya nutse, ya riƙa tsattsafowa cikin rafuka a hankali har bayan damina. Idan kuwa an sare itatuwan, ruwa zai kwarara gaba ɗaya, ya kwashi ƙasa da yashi ya kai su Tiga. Madatsar da yashi ya cike ba za ta ɗauki ruwa kamar da ba. Ke nan gatarin da aka ɗaga a Falgore yana iya taɓa tukunyar shinkafarmu a Bebeji.

Buhun gawayi

A dawowa muka tarar da buhunan gawayi jere a bakin hanya. Umma ta sa aka tsaya ta sayi ɗaya, don ya fi na gida araha. Auta ta ce, "Umma, ba wannan ne itacen da Baba ya ce yana riƙe ƙasa ba?" Umma ta ce, "Shi ne, 'yar nan. To da me kike so in dafa muku tuwo? Kin san kuɗin gas kuwa?"

Motar ta yi tsit. Auta tana da gaskiya, Umma ma tana da gaskiya. Mai gawayin ma abincin 'ya'yansa yake nema. Har gida muka zo da buhun, kuma da shi aka dafa tuwon da muka ci. Amma mun yi shawara biyu: za a riƙa kashe garwashi da an sauke tukunya don a sake amfani da shi, kuma kowannenmu zai dasa bishiya ɗaya da damina ya kula da ita.

Idan za ku ratsa dajin

1. Ku bi da rana, kada a tsaya sai inda akwai mutane ko jami'an tsaro.
2. Kada ku jefar da leda ko gora ta taga.
3. Kada ku ba namun daji abinci.
4. Kada a kunna wuta, musamman da hunturu lokacin da ciyawa ta bushe.

Gwaji

Ku cika faranti biyu da ƙasa, ɗaya da ciyawa har saiwarta, ɗaya tsurar ƙasa. Ku karkata su, ku zuba wa kowanne ruwa kofi ɗaya. Ku duba wanne ne ruwansa ya fi gudu, wanne ya fi fita da laka.

Tambayoyi

1. Waɗanne ƙananan hukumomi Dajin Falgore ya taɓa?
2. A wace shekara aka kammala madatsar Tiga?
3. Da kai ne ko ke ce Umma, za a sayi buhun nan? Kawo dalili.

A miƙa amsa ga 'yan ƙungiyar jarida kafin ranar Juma'a. Wadda ta fi ma'ana za mu liƙa ta a wannan allo.