Nasiha Ga Masu Canza Faifai A Rumbun Bayanai

'Yan'uwa masu kula da rumbunan ajiyar bayanai, ku sani babban kuskuren da gaggawa ke jawowa shi ne a zare lafiyayyen faifai a bar matacce, alhali kuwa a tsarin RAID 5, wanda faifai ɗaya tak yake iya jure rasawa, hakan na iya salwantar da amanar jama'a baki ɗaya.

Saboda haka, kafin hannu ya taɓa komai, sai ku dubi fitilun gaban faifan da natsuwa, domin galibi kore alamar lafiya ce, ruwan goro alamar illa, ko da yake wajibi ne a duba littafin na'urar, tunda kamfanoni sun saɓa wajen launi. Daga nan ku kunna fitilar shaida ta mataccen faifan ta hanyar manhajar kula da rumbun, ku gwada lambar gurbin da wadda manhajar ta nuna. In sun dace, ku ɗaura abin hannu mai kawar da tartsatsin lantarki, ku ɓalle makullin, ku dakata kamar rabin minti faifan ya daina juyawa, sa'an nan ku zare shi.

Bayan kun sa sabo, kada ku taɓa wani faifai sai an kammala sake gina bayanan. Allah ya sa mu dace.